Da Iska ko Babu Iska: Hanyoyi Biyu na Tsabtace Ruwan Masana'anta Mai Fenol

Ruwan da ke fitowa daga matatun mai da masana'antun roba yakan ɗauko fenol da dangoginsa, sinadarai masu zoben kabon shida wanda ba ya tsagewa da sauƙi. Hanya ta farko ita ce a hura iska cikin tanki, bakteriya irin su Pseudomonas su yi amfani da oksijin su fasa zoben. Tana da sauri, amma injin hura iskar yana shan wutar lantarki dare da rana, kuma laka mai yawa takan kwanta, sai an kwashe.

A hanya ta biyu ana rufe tankin ruf. Bakteriya irin su Syntrophus sukan sassauta zoben sannu a hankali, su fitar da asitet (sinadarin da ke fitowa daga asid ɗin binega) da haidurojin, sai dai aikin ba ya tafiya sai ƙwayoyin da ke samar da iskar methen suna shanye haidurojin nan take; da zarar ya taru, komai ya tsaya cak. Tun 1934 masana kimiyya Tarvin da Buswell suka nuna a Amurka cewa irin waɗannan sinadarai na komawa methen. A tankin UASB, wani rufaffen tanki da ruwa ke shiga ta ƙasa ya ratsa lakar ƙwayoyin zuwa sama, wanda masani Gatze Lettinga ya ƙirƙira a Holan cikin shekarun 1970, ƙwayoyin kan dunƙule baƙaƙe kamar tsabar gero.

A ganina hanya ta biyu ta fi riba inda ƙazantar ke da kauri, tunda gas ɗin methen makamashi ne. Matsalarta jinkiri: tankin yakan ɗauki watanni kafin ya kankama, kuma idan fenol ya kwararo da yawa lokaci guda, yakan gurgunta ƙwayoyin.