Gidan tarihin Drake Well a Titusville

Jama'a duk wanda hanya ta kai shi Pennsylvania a Amurka ya daure ya leƙa gidan tarihin Drake Well, wallahi kuɗin tikiti bai tafi a banza ba. Nan Edwin Drake ya haƙo mai a 1859, rijiyar ƙafa 69 da rabi kacal, kuma sun sake gina rumfar injin da katako yadda take a da. Labarin Pithole, wani garin masu haƙar mai da ke kusa da Titusville, shi ne ya fi taɓa ni, gari ya tara mutum wajen 15,000 a 1865 amma kafin 1880 ya zama kufai, yanzu ciyawa ce inda tituna suke. Titusville ma yau mutanenta ba su kai 6,000 ba. Ka je da mota dai, wurin ƙauye ne sosai.