Baƙar giyar fota mai ƙarfi: wacce za ka saya, wacce kwalba za ka guje wa

Wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi giya, wannan rubutu ba nasa ba ne. Da masu sha nake, musamman 'yan uwa da karatu ko aiki ya kai Turai, waɗanda suka saba da baƙar Guinness a gida, suka je can suka tarar da kanti cike da baƙaƙen kwalabe, ba su san ta inda za su fara ba.

Ni dai ba ɓoye-ɓoye, Żywiec Porter ta ƙasar Folan ce tawa. Tun 1881 ake dafa ta, ƙarfinta kashi 9.5 cikin ɗari, kusan ninkin farar giya ke nan. Asalin fota, wato baƙar giyar gasasshen sha'ir da ake rubutawa "porter" a jikin kwalba, ta Landan ce. A ƙarni na 18 Turawan Ingila suka riƙa yin mai ƙarfi suna loda wa jiragen ruwa zuwa Rasha da garuruwan gaɓar tekun Baltik, daga baya mutanen wurin suka fara yin tasu, akasarinsu da yis ɗin da ke aiki a hankali cikin sanyi. Shi ya sa fotar Baltik, irin su Żywiec, ta fi ta Ingila santsi a maƙogwaro duk da ƙarfinta. Ka zuba ta a kofin gilashi ka ɗaga wajen fitila: baƙa ce, amma gefenta ja ne, kumfarta ruwan ƙasa, mai kauri. Ƙamshin gasasshen tsiron sha'ir ne zai fara zuwa, sai gahawa, sai cakulan mai ɗaci da zabibi. A baki zaƙi ne gaba, ɗaci na biye, ɗumi kuma ya sauka ƙirji. Kada ka sha ta da sanyi ƙarara, ka bari ta huce zuwa digiri 10 ko 12, a nan take buɗewa. Kwalbar rabin lita ɗaya daidai take da farar giya biyu, don haka a raba da aboki. Kuma ba ta da tsada idan aka dubi abin da ke cikinta. Mutanen Folan har rana suka ware wa wannan nau'i, Asabar ta uku ga watan Janairu, lokacin ne kantuna ke cika da ita.

Sauran fa? Komes, ita ma ta Folan, kashi 9, ba laifi, zaƙinta ne ya yi mini yawa. Sinebrychoff ta Finlan, kashi 7.2, ta fi ƙauri da ɗaci, mai kewar Guinness zai so ta. Fuller's London Porter lafiyayya ce, amma da kashi 5.4 ba ta shiga sahun masu ƙarfi ba. Carnegie ta Suwidin tun 1836 take, tarihinta ya fi ta daɗi. Wanda ke gida Najeriya kuwa, 'yar uwar fota mafi kusa da shi ita ce Guinness Foreign Extra, kashi 7.5, da ake yi a Ikeja tun farkon shekarun 1960, har da dawarmu a cikinta.

Sai dai sunan da ke jikin kwalba rabin magana ne. Fota mai ƙarfi tana ƙara kyau idan ta daɗe a wuri mai sanyi da duhu, kuma da wannan gaskiyar wasu 'yan kasuwa ke fakewa su sayar da ruɓaɓɓen kaya. Wani mai kanti ya taɓa sayar mini da katan a rahusa, wai tsohuwar ajiya ce, "ta nuna". Kwalbar farko ina ɗaga marfin ta yi tsartuwa har rufin ɗaki, abin da ya rage a ciki tsami zalla. Ashe a bayan kanti, jikin bututun ɗumama ɗaki, katan ɗin ya yi hunturu. Da na koma sai ya ce ai haka masana ke son ta. Ƙarya ce.

Tsufa mai kyau yana rage kaifin barasa, ya ƙara ɗanɗanon zabibi da dabino. Lalacewa daban take. Idan ka ji warin jiƙaƙƙen kwali, iska ce ta shiga, zafi kuma ya gaggauta aikin. Tsami mai kama harshe, ko warin ruwan khal, ƙwayoyin bakteriya ne. Wasu cikinsu suna kawo warin man shanu, har giyar ta yi yauƙi kamar miyar kuɓewa idan ana zubawa. Tsartuwar nan kuma yawanci baƙon yis ne ya ci gaba da cin sukarin da ya rage, iska ta taru, wani lokaci har kwalba ta fashe a katan. Warin romon nama ko roba yana nufin yis ya mutu ya narke a ciki. Wanda ya yi kaɗan a kwalbar da ta shekara da yawa ana iya haƙuri da shi, wanda ya danne komai a zubar.

Yawancin wannan ana ganinsa kafin a biya. Ka dubi marfi: idan ya kumbura, ko tsatsa ta ci haƙoransa, ko akwai busasshen danƙo a ƙarƙashinsa, mayar. Ka karkata kwalbar wajen haske ka duba wuyanta daga ciki, zobe mai fari-fari a daidai inda giyar ta tsaya alamar ƙwayoyi ce. Ka jera biyu ko uku, idan ɗaya ta gaza sauran cika, ta yi yoyo ko an taɓa ta. Wadda ta kwana a tagar kanti rana na dukanta, bar musu, domin haske yana ɓata furen hop, wanda ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, koda yake kwalba ruwan ƙasa ta fi kore kariya. Ka shafa wurin kwanan wata da yatsa, idan an kankare ko an manna sabuwar takarda a kai, ka san da walakin.

A gida kuwa abin ya wuce lalacewa, har da jabu. Ana tara tsofaffin kwalabe a sake cika su a buga marfi. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna masu yawa a kasuwar Eziukwu ta Aba kan haɗa abin sha na jabu. Don haka a mashaya ka ce a buɗe a gabanka, ka saurari ƙarar iskar, ka dubi marfin ko akwai lanƙwasar mabuɗi tun kafin a taɓa shi. Wanda ya kawo maka ita ta kusa daskarewa, ka bari ta huce kafin ka yanke hukunci, saboda sanyi yana rufe tsami da wari. Idan ta huce ta tona kanta, kada ka biya, kada kuma ka karɓi canji daga kiret ɗin da aka ciro ta.