Soket a jikin keken kayan aiki: akwatin ƙarfe ko ekstenshan na roba

Malam, tsakanin biyun da ka ambata, wato ɗaure ekstenshan na kanti a jikin keken turawa na kayan aikinka ko kafa masa akwatin soket na ƙarfe mai wayarsa, shawarata ita ce ka zaɓi akwatin ƙarfe.

Irinsa ne a jikin nawa keken, kuma ban taɓa samun dalilin kuka da shi ba. An huda gefen keken ƙasa kaɗan da mariƙi, aka ɗaure akwati mai soket huɗu da noti, bakinsu yana kallon gefe, domin soket ɗin da ke kallon sama shi ne matattarar garin ƙarfen da giranda ke fesowa, kuma wutar lantarki tana bi ta cikin garin ƙarfe. Wata rana keken ya kufce a gangaren ƙofa, cike da sifanoni da guduma, ya daki ƙafar teburin aiki daidai wurin akwatin. Fenti kawai ya ɗaye, na soka filogin injin huda na ci gaba da aikina.

Amma ƙarfin akwatin ba shi ne babban abin da ya sa na fifita shi ba. Dalilin shi ne kai ne za ka zaɓi wayar da za ta shiga cikinsa. Abin da ake tura shi kullum yana bukatar waya mai laushi, mai silili da yawa, mai rufin roba mai kauri, irin wadda aka rubuta H07RN-F a jikinta, mai layi uku, kaurin kowane layi milimita murabba'i 1.5, ko 2.5 idan za ta yi tsawo. Wayar da ake binnewa a bangon gida ba ta dace ba, saboda silinta guda ne mai tauri, yawan lanƙwasawa yana karya shi daga ciki inda ido ba ya gani. A bakin da wayar za ta shiga akwatin a sa maƙalar da ke damƙe ta, don idan an fizgo keken nauyin ya tsaya a kan rufin, ba a kan notin soket ba. Sannan a kankare fenti a wuri ɗaya, a ɗaure layin ƙasa, wato wanda ke kwashe wutar da ta zurare, mai launin kore da rawaya, a jikin keken kansa. Wannan ba abin wasa ba ne: tayoyin roba sun raba keken da ƙasa, don haka idan layin wuta ya goge ya taɓa ƙarfe, hannun da ya fara kama mariƙin shi ne hanyar da wutar za ta bi. Idan layin da kake ɗaukar wuta ba shi da na'urar RCD, wadda ke yanke wuta idan ta zurare har miliamp 30, ka sayi filogi mai ɗauke da ita.

Ekstenshan na roba kuwa, yana da araha, kuma zai riƙe cajar batir da fitila idan ba a dame shi ba.

Ko wanne ka ɗauka, yawan soket ba ya ƙara yawan wuta. Filogi mai fis na amp 13 a kan volt 230 iyakarsa kusan wat 3,000 ne, alhali babbar giranda ita kaɗai tana iya cin 2,000. Injin walda da kwamfuresa su tafi bango kai tsaye. Idan kuma za ka yi amfani da waya mai naɗewa a gwangwani, ka warware ta duka kafin aiki mai nauyi, domin a naɗe zafi yake taruwa a cikinta, shi ya sa ake rubuta adadi biyu a jikinta, na naɗe da na warware.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da waya. Akwai wadda alminiyum ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, akwai kuma wadda aka buga 2.5 a jikinta alhali cikinta bai kai haka ba. Ka sa a fere maka bakin wayar a gabanka, ka kankare silin da wuƙa; idan fari ya bayyana a ciki, ka ajiye ta, saboda alminiyum bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, kuma yana saurin karyewa. Haka wasu soket suna da rami uku a waje, amma ramin layin ƙasan ba a haɗa shi da komai ba. Mai kayan da ya ƙi a kwance murfin a duba, kada ka saya a wurinsa. Bayan an gama haɗawa, ka sa mai aikin wuta ya gwada da mita daga ƙafar layin ƙasa ta filogin zuwa jikin keken kafin a soka shi a bango.