Inji na jijjiga bayan an ƙara masa ƙarfi: wuta ce ko haɗin iska da mai?

Ɗan'uwa, ka ce ka sa babban bututun iska da manyan nozul masu fesa wa inji mai, ka kuma canza salansa, tun daga ranar mota take jijjiga a silo, wani lokaci har ta mutu a tsaye. Makanike ɗaya ya ce a sauya filogi da koyil ɗin da ke ba shi wuta, ɗayan ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ke buƙatar sabon saiti. Kana son sanin wa za ka bi. Kada ka sayi komai tukuna, domin cutukan nan biyu kowace da alamarta, kuma na'urar duba mota ta OBD-II, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, tana iya raba muku gardama.

Matsalar wuta yawanci silinda ɗaya take kamawa. Na'ura za ta nuna lamba irin P0301 ko P0303, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke fashi. Tana kuma tsananta ne idan inji ya ɗauki nauyi, wajen hawan tudu ko sa'ad da ka taka totur da ƙarfi, sai ka ji motar tana fizga. Gwajinta kyauta ne: a ciro koyil ɗin silindar da ake zargi a musanya shi da na maƙwabciyarta, a goge lambar, a ɗan zaga. In lambar ta bi koyil ɗin ta koma sabuwar silinda, an kama mai laifi. In ta tsaya inda take, a yi wa filogi irin wannan musanyar.

Matsalar haɗin iska da mai ba haka take ba, duk silindu take taɓawa, kuma ta fi fitowa a silo: allurar juyin inji ta hau, ta sauka, inji ya yi kamar zai mutu ya farfaɗo. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1 ta fuskar nauyi, ƙwaƙwalwa kuma tana lissafin man ne bisa abin da sensar iska, wadda ake kira MAF, ta gaya mata. To ka duba abin da ka yi. An saita sensar nan ne a kan faɗin bututun asali. Ka sa ta cikin wanda ya fi faɗi, iska ta rage gudu a kanta, sai ta riƙa ba da rahoton ƙasa da abin da ke wucewa. Su kuwa manyan nozul, ƙwaƙwalwa tana buɗe su na tsawon lokacin da ta saba buɗe ƙanana, mai ya zubo fiye da kima. Ɗaya na ja ta nan, ɗaya na ja ta can, ita kuma tana ta gyara a makance.

Abin da nake so ka nema a na'urar shi ne adadin gyaran mai, STFT da LTFT. Su ne ke nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa ke ƙara mai ko rage shi. In bai wuce kamar 10 sama ko ƙasa ba, ana iya haƙuri da shi. A karanta shi inji da zafi a silo, sannan a riƙe totur inji na juyi 2,500 a minti a sake karantawa. Idan ya yi sama sosai a silo amma ya sauko da aka ba da wuta, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya bayan sensa, kuma sau da yawa lambar P0171, mai nuna mai ya yi kaɗan, na tare da ita. Nemi kilif ɗin da ba a ɗaure ba, ƙaramin tiyo da aka manta ba a mayar ba, ko gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silindu iska, da ya cije. Ka saurara da kyau, za ka iya jin siririn fito kusa da wurin. Gwajin hura hayaƙi cikin bututun iska a ga inda yake fita kuma ya fi kunne. Idan adadin ƙaruwa yake yi yayin da inji ke hawa, zargi ya koma kan sensar ko famfon mai. In kuwa ƙasa ya yi, filogi sun yi baƙi ƙirin, salansa na warin ɗanyen fetur, ga lambar P0172 mai nuna mai ya yi yawa, nozul ɗin ne suka fi ƙarfin tsohon saiti.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Matatar iska irin wadda ake shafa wa mai, in an cika mata shi, yana tashi ya lulluɓe siririyar wayar sensa. Sannan tunda an taɓa salansa, a duba ko hayaƙi na zurara kafin sensar iskar oksijin da ke jikinsa, domin iskar waje da ke shiga ta nan takan ruɗe ta, ta ce mai ya yi kaɗan alhali bai yi ba.

Ni dai na fi karkata ga makanike na biyu. Motarka lafiya take kafin aikin, kuma hanyar iska da ta mai aka taɓa, ba ta wuta ba. Manyan nozul ba su da makawa sai da sabon saiti. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yi saitin kafin a toshe duk wata kafa, saboda mai saitin zai gina lissafinsa ne a kan iskar sata, ranar da aka ɗaure kilif ɗin kuma komai ya sake lalacewa. Filogin da suka yi baƙi a sauya su bayan an gyara haɗin, in ba haka ba sababbin ma baƙi za su yi.

In fitilar inji ƙiftawa take yi, ba tsayawa a kunne ba, ka ajiye motar: ɗanyen mai ne ke isa matatar hayaƙi, zai iya narka cikinta. Turo mana lambobin da na'urar ta nuna da adadin gyaran mai a silo da a 2,500, mu duba tare.