Kana son simash mai ƙarfi? Ga abin da za ka duba kafin ka sayi raket

Duk wanda ya ɗan jima yana buga badminton da yamma, a zauren wasanni ne ko a filin siminti na makaranta, akwai ranar da zai fara zargin raket ɗinsa. Shatil, wato ɗan abin gashi ko roba da ake bugawa, ya taso sama daidai inda ake so, mutum ya zuba masa duka da iya ƙarfinsa, sai abokin karawa ya mayar da shi ko gezau bai yi ba. Daga nan hankali ya koma kan irin raket ɗin da zakarun duniya ke riƙewa. To, kafin ka zaro kuɗi, tsaya mu duba kayan nan, domin wasu za su ƙara wa simash ɗinka kaifi, wato dukan da ake sauke shatil ƙasa da ƙarfi, wasu kuwa ciwon kafaɗa kawai za su ƙara maka.

A shekarar 2023, ɗan wasan Indiya Satwiksairaj Rankireddy ya buga simash mai gudun kilomita 565 a awa, a wani gwaji da aka yi a masana'antar kamfanin kayan wasanni na Yonex da ke Japan. Da wannan ya goge tarihin kilomita 493 da Tan Boon Heong na Malesiya ya kafa a 2013. A ɓangaren mata, Pearly Tan, ita ma 'yar Malesiya, ta kai kilomita 438. Abin lura shi ne raket ɗin da Satwiksairaj ya riƙe, wato Nanoflare 1000Z, yana cikin jerin waɗanda kansu ba shi da nauyi. Ke nan abin da ke tura shatil shi ne saurin da kan raket ya zo da shi a lokacin da ya same shi. Nauyi yana taimakawa ne kaɗai idan hannunka zai iya juya shi ba tare da saurin ya ragu ba. Simash bulala ake kaɗawa, ba taɓarya ake saukewa ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Nauyi, rinjaye da taurin sanda

A jikin kowane raket na kirki, kusa da mariƙi, za ka ga lamba da harafin U. Raket mai 3U yana tsakanin giram 85 zuwa 89, mai 4U giram 80 zuwa 84, mai 5U giram 75 zuwa 79. Yadda lambar ke hawa, haka nauyin ke sauka. Giram biyar ba komai ba ne a tafin hannu a cikin shago, amma a wasa na uku, gumi na zuba, za ka san da shi. Mai buga wasa sau biyu ko uku a mako, musamman mai buga bibbiyu, 4U ya fi dacewa da shi. Na 3U na masu ƙarfin dantse ne da suka saba, galibi masu buga ɗaiɗai. Na 5U yana da daɗi ga yara matasa, da duk wanda kafaɗa ko gwiwar hannu ke damunsa, sai dai dukansa daga bayan fili ba ya da nauyi sosai.

Abin da ya fi nauyin kansa tasiri shi ne inda nauyin ya rinjaya. Ɗora sandar raket a kan yatsanka har ya tsaya daidai, ka auna daga gindin mariƙi zuwa wurin. Idan ya zarce kamar milimita 295, nauyin na kai ne. Idan bai kai 285 ba, nauyin na wajen hannu ne. Abin da ke tsakani matsakaici ne. Kamfanoni sun raba kayansu a kan haka. A wajen Yonex, Astrox ne masu nauyin kai, Nanoflare masu sauƙin kai, Arcsaber na tsakiya. Victor na da Thruster don ƙarfi, Auraspeed don sauri. Li-Ning na da Axforce don ƙarfi, Bladex don sauri.

Mai nauyin kai yana sauke shatil da ƙarfi idan ka samu lokacin shiryawa. Amma ranar da aka mayar maka da wuta, shatil na zuwa ƙirjinka ko ƙugunka, sai ka ga raket ɗin ya makara. A wasan bibbiyu, wanda shi yawancinmu muke bugawa saboda ƙarancin fili, rabin wasan karewa ne da musayar duka mai sauri a tsakiya. Shi ya sa ra'ayina ga mai wasan nishaɗi shi ne 4U mai ɗan rinjayen kai kaɗan, ko matsakaici. Zai ba ka simash, bai kuma hana ka kare kanka ba.

Sai taurin sanda, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. Sandar raket tana lanƙwasa yayin kaɗawa, ta dawo ta harba shatil. Sanda mai tauri sai hannu mai sauri ƙwarai yake iya lanƙwasa ta. Astrox 100ZZ, wanda Viktor Axelsen na Denmark ya shahara da shi, mutumin da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo da ta Paris, sandarsa na cikin mafi tauri. A hannun Axelsen makami ne. A hannun wanda bai gama koyon juya dantse ba, sandar ba za ta motsa ba, shatil zai fita a sanyaye, girgizar dukan kuma ta sauka a gwiwar hannu. Mai matsakaicin laushi, ko mai laushi sosai, shi zai yi maka rabin aikin.

Wani sauƙi da aka samu shi ne Yonex na fitar da raket ɗaya a matakai huɗu: Pro, Tour, Game da Play. Siffa da launi kusan ɗaya, amma na ƙasa sun fi laushin sanda, kuɗinsu kuma ya yi ƙasa sosai da na Pro. Kada ka ɗauka sayen Game ko Play ƙasƙanci ne. Ga mai wasan yamma, sau da yawa su ne suka fi fitar da simash, ragowar kuɗin kuma ya tafi inda ya fi amfani.

Raket na ƙarfe ko alminiyam da ake sayarwa bibbiyu a jaka ɗaya, wanda kai da sanda ke haɗe da wani ɗan maƙalli, ya isa wasan yara a tsakar gida. Don simash, nemi na kabon wanda aka ƙera a dunƙule.

Zare: abin da aka fi rainawa

Idan da abu guda zan ce ka canza a wannan watan, zare ne. Shi kaɗai ke taɓa shatil, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da na raket. Mutane da yawa na wasa da zaren da raket ya zo da shi daga masana'anta har shekara biyu, ya saki, ya mutu, suna ta mamakin ina ƙarfinsu ya tafi.

Abu biyu ake zaɓa, kauri da ɗauri. A kauri, BG65 na Yonex milimita 0.70 ne, yana da juriya, shi ne abokin mai lissafin aljihu. BG80 milimita 0.68 ne, yana da kaushi da tauri, masu simash na son sa. BG66 Ultimax milimita 0.65 ne, yana harba shatil da kyau, ga ƙara mai daɗin ji, amma duka ɗaya da ya kauce zuwa gefen bakin raket na iya tsinka shi. Idan mai ɗaura zare yana nesa da kai, har sai an aika wani gari, ka tsaya a kan BG65. Idan yana kusa kuma aljihu zai ɗauka, gwada siririn ka ji bambanci.

Ɗauri kuwa da laba ake auna shi, shi ne lbs da za ka gani a rubuce. Ƙwararru na ɗaurawa daga laba 28 zuwa sama da 30, sai masu koyo su ɗauka can ne ƙarfi yake. Akasin haka ne. Zare mai ɗan sassauci yana lotsawa ya cillo shatil, kuma wurin da duka ke fita da kyau a fuskar raket yana da faɗi. Idan aka ɗaure shi tamau, wurin nan ya tsuke, sai wanda ke samun tsakiya a kowane duka, da sauri kuma, yake cin moriyarsa. Sabon shiga ya tsaya tsakanin laba 19 zuwa 22. Wanda ya iya tura shatil daga ƙarshen fili zuwa ƙarshen fili ba tare da yunƙuri ba, ya hau 23 zuwa 25. Ka riƙa ƙara laba ɗaya a kowane sabon ɗauri, ka tsaya inda ka ji shatil ya fara gajarta. Kowane raket na da iyakar ɗaurin da aka rubuta masa, kada mai ɗauri ya zarce ta. Ranar da zare ya tsinke, ka sa almakashi ka yanke sauran nan take, domin jan gefe ɗaya yana karkatar da bakin raket har ya tsage. Kada kuma ka bar raket a cikin mota da rana, zafin yana sassauta zare.

Mariƙi ƙaramin abu ne mai babban tasiri. A ma'aunin Yonex, G5 ya fi G4 siranta. Ɗauki siririn ka naɗa masa abin naɗi yadda kake so, don ana iya ƙara kauri amma ba a iya ragewa. Idan ka riƙe, ya kamata a samu ɗan gibi tsakanin kan yatsunka da tudun babban yatsa. Mariƙi mai kauri yana sa ka damƙe raket tun daga farko, dantse ya sandare, alhali ana so riƙon ya zama sako-sako har sai daidai lokacin duka sannan yatsu su matse. Mai yawan gumi ya gwada naɗin tawul, sai dai yana saurin wari, dole a riƙa canzawa.

Shatil da yanayin garinku

Shatil na gashi yana da gashi 16, nauyinsa tsakanin giram 4.74 zuwa 5.50. Na gashin dinya ya fi na agwagwa ƙarko da tsada. Yana tashi da gudu, sai ya ci birki ya faɗo a tsaye, shi ya sa simash da shi ke da kaifin sauka. Na roba, irin su Mavis 350, yana jure duka na kwanaki, tafiyarsa ta fi miƙewa, kuma idan aka doke shi da ƙarfi siket ɗinsa na tsukewa ya ƙara gudu. Ƙungiyar da ke haɗa kuɗi don sayen shatil, na roba zai fi yi mata sauƙi. Mai shirin shiga gasa dole ya saba da na gashi, domin da shi ake bugawa.

A iska mai zafi shatil ya fi gudu, haka ma a wuri mai tudu. Bututun na gashi yana ɗauke da lamba, galibi daga 75 zuwa 79, ƙaramar lamba ita ce mai jinkiri. A zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, 76 za ka nema, a tudun Jos ma mai jinkirin ne ya dace. A na roba na Mavis, launin zoben gindi ne alama: kore na wurin zafi, shuɗi matsakaici, ja na wurin sanyi. Wanda ya sayi mai jan zobe a watan Afrilu zai ga simash ɗinsa na fita waje, ya ɗauka hannunsa ne. Gwajin da dokar wasan ta tanada mai sauƙi ne: tsaya a layin baya, doki shatil daga ƙasa da cikakken ƙarfi, ya kamata ya faɗi kafin layin baya na can da tazarar santimita 53 zuwa 99. A lokacin hunturu gashi na bushewa ya riƙa karyewa tun wasan farko. Buɗe bututun ta gefe biyu, ka bar tururin ruwan zafi ya ratsa shi na ɗan lokaci kaɗan, ka rufe ya kwana. Masu buga wasa a fili buɗaɗɗe kuma su nemi AirShuttle, wanda aka ƙera don wasan waje da hukumar badminton ta duniya ta ƙaddamar a 2019, yana jure iska fiye da na yau da kullum.

Takalmi ba zai ƙara gudun shatil ba, amma shi ke kai ka bayan shatil a kan lokaci. Takalmin gudu yana da tudun dunduniya kuma ba ya riƙe ƙafa ta gefe, nan ake samun targaɗe. Nemi mai shimfiɗaɗɗen tafi na roba mai kama ƙasa.

Jabu sun cika kasuwa, musamman na manyan sunaye. Idan aka yi maka tayin Astrox na matakin Pro a kuɗin na Play, ka san akwai magana. Na gaskiya na Yonex yana da lamba da aka sassaƙa a jikin sanda, za ka ji ta da farce, ba fenti ba ce. Jabu kan karye tun a wajen ɗauri. Raket na gaskiya na ƙaramin mataki, ko na hannu daga ɗan wasan da ka sani, ya fi shi nesa ba kusa ba. In na hannu ne, bi bakinsa da yatsa ka nemi tsaga, musamman ta sama inda raket biyu ke karo a wasan bibbiyu.

Akwai kuma kuɗin da ya kamata ka ware wa mai koyarwa, ko da zama uku ne ko huɗu. Zai duba ko kana riƙe raket kamar mai gaisawa, ko ka juya kafaɗa ka ba raga gefe, ko shatil yana gabanka kaɗan a lokacin duka ba bisa kanka ko bayanka ba, ko kuma dantsenka na juyawa ciki a ƙarshen kaɗawa. Tsayin raga a tsakiya mita 1.524 ne, saboda haka duk santimitar da ka ƙara wajen taran shatil a sama, simash ɗin ya ƙara gangarowa. Idan ba mai koyarwa a kusa, ba abokinka waya ya ɗauke ka daga gefe, za ka ga inda kake makara da idonka.

Idan kuɗin ba zai kai duka a lokaci ɗaya ba, fara da sabon zare a laba 22 ko 23 da sabon naɗin mariƙi a kan raket ɗin da kake da shi, sai shatil mai gudun da ya dace da garinku, sai takalmi. Raket ya zo daga baya. Kafin ka saya, ari na abokan wasa, ɗaya mai nauyin kai, ɗaya matsakaici, ka buga cikakken wasa da kowanne. Kada ka yanke hukunci da dukan farko lokacin da hannu ke da sabon ƙarfi. Lura da wanda har yanzu kake iya saukewa da shi a ƙarshen wasa, da kuma yadda kafaɗarka ta tashi washegari.