Idan Tallafin Karatu Bai Isa Ba, Ina Za A Ciko Giɓin?

Tun da jami'o'in gwamnati da dama suka ƙara kuɗin rajista a 2023, ɗan tallafin da jihohi ke ba ɗalibansu ya daina ɗaukar ɗawainiyar shekara, kuma sau da yawa ba ya fitowa sai wa'adin rajista ya wuce. Saboda haka wajibi ne iyaye da ɗalibi su auna hanyoyin cike giɓin tun kafin zango ya kama.

Hanyar da ta cancanci a fara dubawa ita ce bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayyar Najeriya mai ba ɗalibai bashin karatu, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa dokarsa hannu a watan Afrilun 2024. Babban fifikonsa shi ne babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ke kwantar da hankalin iyalan da ke gudun riba. Asusun yana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, sannan wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya yana samun naira 20,000 a wata. Ana buƙatar lambobin JAMB da NIN da BVN, kuma biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Sai dai ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, kuma neman ba ya tafiya sai makaranta ta shigar da bayanan ɗalibi, don haka a fara tabbatar da wannan. Shawarata ga wanda yake karatu daga gidan iyayensa ita ce ya tsaya a kan kuɗin makaranta kawai, domin naira 20,000 a wata goma ta zama 200,000, kuma duka bashi ne a wuyansa.

Adashe ya dace da gidan da ke da sana'a mai kawo kuɗi kullum, muddin uwar adashen mai amana ce, kuma an daidaita tun farko cewa kwasar za ta faɗo a watan rajista. Sayar da rago ko hatsi ma ya fi sayar da gona nesa ba kusa ba, tunda gonar ce za ta biya kuɗin baɗi.

Abin da nake roƙon a guje masa shi ne bashin manhajojin waya. Kuɗin yana shigowa nan take, amma ruwansa mai nauyi ne, wa'adinsa gajere, kuma wasunsu kan aika saƙonnin cin mutunci ga mutanen da ke cikin wayar wanda ya makara. Kafin a kai ga nan, gara a je ofishin kula da harkokin ɗalibai a tambaya ko makarantar tana karɓar biya kashi-kashi.