Na Bi Diddigin Sunan Gidanmu da Gwajin DNA: Abin da Na Tarar

Tun ina ƙarama nake jin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana cewa duk inda muka ji mai sunan gidanmu a duniya, to namu ne, kakanmu ɗaya da shi. Bai taɓa faɗa da shakka ba. Bayan rasuwarsa maganar ta zauna mini a rai, har na soma laluben masu sunan a intanet, na kuwa same su da yawa, wasu a ƙasashen da ban taɓa zato ba. A wannan laluben na ci karo da shafin wani kamfanin gwajin DNA, mai alkawarin nuna wa mutum asalin sunan zuriyarsa, da inda masu sunan suka bazu, da jinin da suka fito. Na kusa shekara ina amfani da shi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin mai shirin sa kuɗinsa ya san abin da zai tarar.

Hidimar tasu kashi biyu ce. Akwai shafin sunaye, inda za ka rubuta sunan gidanku ya fito maka da ma'anarsa, da taswira, da kaso-kason asali. Sai kuma gwajin kansa, wanda ake aiko maka da kayan ɗaukar samfuri.

Shafin sunayen shi ya fara jan hankalina, shi ne kuma ya fara ba ni haushi. An ƙawata shi sosai, taswirar tana da launuka, kana taɓa ƙasa tana nuna maka yawan masu sunan. Amma ma'anar da suka ba sunanmu daga wani harshe ne da ba abin da ya haɗa mu da shi, haruffa ne kawai suka zo ɗaya. Taswirar kuwa, da na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasanta, sai na gane an haɗa ta ne daga takardun ƙidaya da rajistocin da suka samu. Ƙasar da ta adana takardunta sai ta yi ja wur, wadda ba su samu nata ba sai ta fito fayau kamar ba kowa a cikinta. Kaso-kason asalin ya fi komai ruɗarwa. Tattara sakamakon duk abokan cinikinsu masu wannan suna suka yi, suka fitar da tsaka-tsaki. Wato hoton waɗanda suka sayi gwajin ne kake kallo, kana ɗauka hoton gidanku ne. Kama da wane ba ta wane.

Wannan ya sa na koma karatu a kan yadda sunayen zuriya suka samu, kuma abin da na karanta ya sanyaya mini jiki game da maganar mahaifinmu. Sunan da ake gada daga uba zuwa ɗa sabon abu ne a wurare da dama. A Ingila ya soma kafuwa ne bayan mamayar Normandawa ta 1066, ya ɗauki ƙarnuka kafin ya game talakawa. A Turkiyya sai 1934 doka ta tilasta wa kowane gida ya zaɓi suna. Na Filifin ya fi ba ni mamaki: a 1849 gwamnan mulkin mallaka na Sifaniya, Narciso Clavería, ya sa aka buga kundin sunaye aka rarraba wa garuruwa, mutane suka ɗauka daga ciki, shi ya sa za ka ga Bafilifine da sunan Sifaniyawa alhali ba digon jininsu a jikinsa. Da yawa daga zuriyar bayin da aka kai Amurka sunan iyayen gijin kakanninsu suke amsawa har yau. Ga kuma sunayen sana'a irin Smith, wato maƙeri. Kowane gari da maƙerinsa, ta yaya za su zama 'ya'yan mutum ɗaya?

Duk da haka ban fid da rai ba, domin akwai abu ɗaya a jikin ɗan Adam da ke bin hanyar da sunan uba ke bi. A cikin tagwayen kuromosom 23 da kowa ke da su, wato ƙunshin DNA da mutum ke gada daga iyayensa, maza ne kaɗai ke ɗauke da wanda ake kira Y, kuma uba ne ke miƙa wa ɗansa shi kusan yadda ya karɓa daga nasa uban. Ni mace ce, ba ni da shi. Dole na nemi namiji a gidanmu, kuma na fi son mafi tsufa, don haka na je wurin ƙanin mahaifinmu.

Na ce, "Baffa, wata alfarma nake nema a wurinku." Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "'Yata, in dai don a san tushe ne, kawo. Amma faɗa mini, wa zai riƙe abin bayan sun gama aunawa?" A lokacin amsar da na ba shi ba ta gamsar da ni kaina ba, kuma tambayar tana nan tana bi na.

Ɗaukar samfurin ba wuya. Tsinke biyu ne masu auduga a kai, a goga a cikin kumatu, a sa a 'yar kwalba, a mayar musu. Takardar bayaninsu a fili take, ban buƙaci taimakon kowa ba. Sakamakon ya fito bayan mako bakwai, a cikin wa'adin da suka ɗiba. Ta wannan fuskar ba ni da abin cewa sai yabo.

Gwajin da na zaɓa mai duba alamomi 37 ne a jikin kuromosom Y. Akwai mai 111 ga wanda ke son ya ƙara zurfi. Kowace alama lamba ce, kuma lambobin sukan ɗan sauya jefi-jefi a tsakanin uba da ɗa, don haka yawan dacewar lambobin maza biyu shi ke nuna kusancin kakan da ya haɗa su. Daga lambobin ne kuma kamfanin ke hasashen babban reshen da mutum ya faɗa a bishiyar zuriyar maza ta duniya. Na Baffa suka rubuta R1b, suka haɗa da taswira mai duhu a kan yammacin Turai, Ayaland da Faransa da Sifaniya. Na daɗe ina kallon allon wayata. Na kwana uku ban gaya wa kowa ba, don na san irin surutun da magana kamar wannan kan tayar a cikin dangi.

A nan babban ƙorafina yake. Ba su bayyana a wannan shafin cewa R1b rassa gare shi ba. Sai da na ƙara kuɗi aka yi gwaji mai zurfi, sannan ya fito cewa Baffa a reshen V88 yake, wanda ya rabu da reshen Turawan yamma tun dubban shekaru. Binciken da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna wannan reshe ya yi yawa a tsakiyar Sahel, musamman a tsakanin al'ummomin da ke magana da dangin harsunan da ake kira Chadic, waɗanda Hausa ke cikinsu. Bayanin nan na layi biyu ne, da sun sa shi tun farko da sun hutar da ni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mafi yawan waɗanda ke cikin rumbun bayanansu 'yan asalin Turai ne, don haka da idonsu aka tsara shafin. Duk wanda danginsa ba su cika yin gwajin ba, ya shirya ganin jerin 'yan'uwan da aka dace masa da su kusan wayam. Mu sunaye huɗu muka tarar, dukansu na nesa.

Inda gwajin ya yi mini rana shi ne da na daina tambayarsa daga ina muka fito, na koma ba shi tambaya mai iyaka. Akwai wani gida da ake cewa mun haɗa kakan kaka da su, zumunci ya yi sanyi har an kusa mantawa. Na roƙi wani dattijo a cikinsu ya yi gwajin. Akwai kuma wani bawan Allah mai sunanmu a wata ƙasa, wanda muka saba a intanet, shi ma kakarsa ta gaya masa duk masu sunan tsatso ɗaya ne. Shi ma ya amince.

Dattijon ya dace da Baffa a alamomi 36 cikin 37. Da na ga wannan sai da hawaye suka zubo mini, domin ga maganar mahaifinmu ta tabbata a kan mutanen da shi kansa bai samu damar ziyarta ba. Ɗayan kuwa reshensa E-M2 ne, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma ta wajen uba hanyarsa da tamu sun rabu fiye da shekara dubu hamsin. Suna ɗaya, kakanni daban.

Daga baya na ga masana sun riga sun tarar da irin wannan. A 2000 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya gwada maza masu sunansa, ya samu kusan rabinsu a kan tsatso ɗaya. Turi King da Mark Jobling na Jami'ar Leicester sun faɗaɗa aikin, suka nuna cewa sunan da masu shi ba su da yawa ya fi yiwuwa ya koma ga kaka ɗaya, mai yawa irin Smith kuwa tarkace ne. Su ne kuma a 2007 suka ba da rahoton wani suna da ba a cika ji ba a yankin Yorkshire na Ingila, wanda maza 7 cikin 18 da aka gwada suke ɗauke da kuromosom Y mai asali daga Afirka ta Yamma, alhali su Turawa ne da ba su san da wannan ba. Riƙon ɗan wani, sauya suna, ɗaukar sunan uban gida ko na malami ko na gari, duk suna raba suna da jini.

Wani abin da tallansu ba ya faɗa: in ka koma baya uwa da uba sau goma, gurabun kakanninka 1,024 ne, kuromosom Y kuwa labarin mutum ɗaya tak yake bayarwa a cikinsu. Duk iyayen matan da suka haifi gidan ba ya ganinsu. Wannan ya taɓa ni, ni da na ɗauki nauyin binciken ina mace.

Sai tambayar Baffa. Na bincika, kuma gaskiyarsa. A 2013 wasu masu bincike a Amurka sun nuna ana iya gano sunan zuriyar mutum daga alamomin Y ɗinsa ko da an ɓoye sunansa, ta hanyar gwama su da rumbunan masu neman asali. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisa ta hanyar DNA ɗin danginsa na nesa da ke GEDmatch, shafin da masu neman asali ke ɗora sakamakon gwajinsu. A 2023 kuma an yi wa kamfanin gwajin DNA na 23andMe kutse, bayanan mutane kusan miliyan 6.9 suka fita. Kuromosom Y ɗin Baffa iri ɗaya ne da na 'ya'yansa maza da na yayyena maza, don haka amincewarsa shi kaɗai ta shafi maza da yawa da ba a tambaye su ba. Kamfanin da na yi hulɗa da shi yana da wurin kashe damar bincike ta hukuma da wurin neman a lalata samfurin, amma an cusa su can cikin saituna, sai mai naci ke kai wa gare su. Na kashe ta farko tun ranar da na gano ta.

In ana so in ba da maki, gwajin kansa huɗu cikin biyar, shafin sunaye ɗaya. Mai zargin cewa gidansu da wani gida tushensu ɗaya, kuma yana da namiji a kowane ɓangare da ya amince da zuciya ɗaya, zai samu amsa mai ƙarfi. Ya dai shirya wa amsar da ba ita yake so ba, ya kuma yi shawara da manyan gida kafin ya aika. Mai son ya rubuta suna kawai a ba shi ƙasa da ƙabila, ya riƙe kuɗinsa.

Da na kai wa Baffa sakamakon duka biyun, ya sa na karanta masa na dattijon sau biyu. Ya ce in buga takardar in ajiye cikin takardun mahaifinmu, kuma shi da kansa zai je gaishe su. Game da ɗaya mutumin ya ce, "Kada ki yanke gaisuwa da shi, 'yata, ai ya amsa kiranki." Muna gaisawa har yanzu. Akwai gida na uku da mahaifinmu yakan ambata, na samu lambar wani jikansu, ina jiran ya shawarci babansa.